Noman Rani: Tazarar Da Ake Bari Tsakanin Layukan Farantan Sola

Manoman fadama da yawa yanzu sun koma ban ruwa da injin sola, don kuɗin man fetur ya fi ƙarfinsu. To, amma akwai kuskure guda da ake yawan yi wajen kafa farantan. Mutum ya kashe kuɗi masu yawa, ya jera su layi biyu ko uku a matse don kada su ci masa fili, sa'an nan ya ga ruwa na fitowa kaɗan kaɗan da safe, ya ce an sayar masa da jabu. Sau da yawa kayan lafiya lau suke, layin gaba ne ke tare wa na baya rana.

Ga dalili. A ƙasarmu akan fuskantar da faranti kudu, a ɗaga bayansa kamar digiri 12 zuwa 15. Ita kuwa rana ba hanya ɗaya take bi duk shekara ba. A Kano, daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta, takan ratsa ta arewa da tsakar ka, inuwa ta faɗa kudu. Wanda ya kafa nasa a lokacin nan ba zai ga wani aibi ba. Amma da sanyi ya shigo sai ta karkata kudu, har ran 21 ko 22 ga Disamba ta kai iyakar karkatarta, inuwa ta miƙe arewa, ta hau layin baya. Wannan kuwa shi ne daidai lokacin da alkama da albasa da tumatir suka fi bukatar ruwa.

Kada manomi ya raina 'yar inuwa. Ƙananan gidajen nan da ake gani cikin faranti a jone suke, wuta na bi ta ɗaya zuwa ɗaya, kamar yadda ruwa ke bin kwari zuwa fangali. In aka toshe kwari a wuri guda, duk fangalin da ke gaba ya rasa. Haka nan inuwa mai faɗin tafin hannu in ta ratsa gindin faranti daga gefe zuwa gefe, takan kashe rabin ƙarfinsa ko fiye, ta kuma ja sauran da ke jone da shi baya.

Awon ba wuya. Abin da za a auna shi ne yawan abin da bayan layin gaba ya ɗara gindin layin baya tsayi. A Kano cikin Disamba, da tsakar rana inuwa takan yi kashi 7 cikin 10 na wannan tsayi. Wajen ƙarfe 9 na safe takan kai tsayin duka, kafin nan kuwa ta wuce shi. Saboda haka a bar tazarar tsayi ɗaya da rabi. Misali, faranti mai tsawon ƙafa 6 da rabi in an ɗaga shi digiri 15, bayansa zai ɗara gabansa da kamar inci 20. Tazara ta zama ƙafa 2 da rabi ke nan. Gara ma a cika ƙafa 3, don yaro ya sami hanyar wucewa da ruwa da tsumma, gama ƙurar hunturu ita ma ɓarauniyar wuta ce.

Wanda lissafi ya dame shi, ga dabara. Ya kafa turke biyu, gabas da yamma, ya ɗaura igiya daidai tsayin da bayan faranti zai kai, ya duba inda inuwarta ta faɗa da hantsi da kuma la'asar, ya ja layi a ƙasa. Amma sai cikin Disamba awon nan ke faɗin gaskiya.

Masu saye su lura kuma, wasu takardun da ke zuwa da kaya don ƙasashen sanyi aka rubuta su. A Landan, da tsakar ranar Disamba inuwa takan kusa ninka tsayi sau huɗu, don haka suke barin fili mai yawa. Manomin Kadawa ko na Bakolori ba ya bukatar asarar gona haka. Abin da zai duba bayan tazara shi ne ko akwai darbejiya, ko mangwaro, ko tankin ruwa a kudu da farantansa.