Launin fitila da haihuwar zomaye

Wasiƙarmu ta gaba daga Kagoro take, kusa da Kafanchan. Mai sauraronmu da ya sa hannu da sunan Baban Zomaye yana tambaya: shin jan ƙwan lantarki ko shuɗi yana ƙara wa zomanya haihuwa?

To, Baban Zomaye, mun gode. Idon zomo yana rarrabe shuɗi da kore, amma ja bai cika ganinsa ba. Duk da haka, tsawon lokacin haske ya fi launin haske tasiri. A manyan gonakin Faransa da Italiya, farar fitila ake kunna wa zomaye awa 16 a yini, don zomanya ta fi karɓar namiji. A Kagoro kuwa, hasken rana kusan awa 12 ne duk shekara. Idan za ka ƙara, farin ƙwan lantarki maras zafi ya isa, na 'yan awoyi bayan magariba.

Babban abokin gaba a nan zafi ne. Zafin Maris da Afrilu yana raunana maniyyin namiji, zomanya ta rage cin abinci. Ka ba su inuwa, da iska, da ruwan sanyi. Ka haɗa su barbara da sassafe, kuma macen za ka kai kejin namijin.

Launin da ya kamata ka duba shi ne na al'aurar zomanya: idan ta yi ja, ta shirya. Kamar kwana 31 bayan barbara sai haihuwa.

Don ƙarin bayani, ka tuntuɓi cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke Shika, Zariya. A gaida mutanen Kagoro.