Darasi na 18: Na'ura Mai Koyo

Yara, idan kun fito daga Cité Verte kuka shiga Briqueterie, za ku ga teloli da yawa a bakin hanya. Kusan kowane tela yana da yaron da yake koya wa aiki. Ranar da yaron ya fara zuwa, bai iya yanka ba, bai iya ɗinki ba. Yana zaune yana kallo. Ya ga riga ɗari, ya ga riga dubu. In ya yi kuskure, maigidansa ya warware ɗinkin, ya ce ya sake. A kwana a tashi, sai ya zama gwani.

Haka ake koya wa kwamfuta a yau. Ana nuna mata misalai masu yawa, ana gyara mata kuskure, har ta iya aikin. Wannan shi ake kira ƙirƙirarriyar basira.

Ga misali. Ana nuna wa kwamfuta dubban hotunan ganyen rogo. Ana ce mata, wannan mai lafiya ne, wancan mai ciwo ne. Daga baya, in ta ga sabon ganye, sai ta faɗi ciwon da yake da shi. Ta haka aka yi wata manhajar waya mai suna Nuru, don taimakon manoman rogo a Afirka.

Wannan ilimi ya daɗe yana girma. A shekarar 1950 wani masanin lissafi na Ingila, Alan Turing, ya tambaya ko na'ura za ta iya tunani. A 1956 masana suka taru a Dartmouth, a Amurka, don nazarin wannan fanni. A 1997 kwamfuta mai suna Deep Blue ta cinye Garry Kasparov, zakaran duniya a darar Turawa. A 2022 aka fito da ChatGPT, wadda ake rubuta wa tambaya ta ba da amsa.

Amma ku lura da abu ɗaya. Yaron telan da bai taɓa ganin babbar riga ba, ba zai iya ɗinka ta ba. Ita ma na'ura, abin da aka nuna mata shi ta sani. A 2018 wasu masana mata biyu, Joy Buolamwini da Timnit Gebru, suka gwada manhajojin da ke duba hoton fuska. Suka gano cewa sun fi yin kuskure a kan fuskar mace baƙar fata. Babban dalili shi ne, ba a nuna musu fuskoki irin namu da yawa ba.

Haka batun harshe yake. Rubutun Ingilishi da na Faransanci ya cika intanet, amma na harsunanmu kaɗan ne. Google Translate ya fara fassara Hausa a 2013, Fulatanci kuma sai a 2024. Kamaru tana da harsuna fiye da 200, kuma yawancinsu na'ura ba ta iya su sosai ba. Saboda haka a 2019 wasu 'yan Afirka suka kafa ƙungiyar Masakhane, don koya wa na'ura harsunan Afirka. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

To, mene ne aikinku? Ku iya karatu da rubutu da Hausa da Faransanci. Ku riƙe lissafi da kyau, domin da shi ake gina waɗannan na'urori. Kada ku yarda da duk abin da na'ura ta faɗa, don takan yi kuskure. Ku tambayi malam, ku duba littafi. In ba mu rubuta harshenmu ba, na'ura ba za ta san shi ba.

Sababbin kalmomi
ƙirƙirarriyar basira: intelligence artificielle
kwamfuta: ordinateur
manhaja: application
fassara: traduction
darar Turawa: jeu d'échecs

Tambayoyi
1. Yaya yaron tela yake koyon ɗinki?
2. Yaya ake koya wa kwamfuta gane ciwon rogo?
3. Me ya faru a shekarar 1997?
4. Me ya sa na'ura ba ta iya harsunanmu sosai ba?
5. Don me aka kafa ƙungiyar Masakhane?

Aikin gida
Ku roƙi kaka ko baba su faɗa muku karin magana biyar. Ku rubuta su a littafinku, ku kula da ɓ da ɗ da ƙ. Sannan ku bayyana ma'anar guda ɗaya da Faransanci.