Ɗumama jiki kafin wasa

A ƙasarmu Nijar, kokowa tana tara jama'a ƙwarai. An fara gasar takobi a Tawa a shekara ta 1975, Kantu na Maraɗi ne ya ɗauki takobin farko. A Damagaram, filin kokowa yana ɗauke da sunan Langa-Langa, shahararren ɗan kokowar jahar.

Wanda ya je filin da wuri zai lura da abu guda. Ɗan kokowa ba ya tashi daga zaune ya kama abokin karawarsa nan take. Sai ya yi ƴan guje-guje, ya yi tsalle, ya juya wuya da kafaɗu, ya taka rawar ganga har gumi ya keto masa. Wannan shi ne ɗumama jiki.

Mene ne amfaninsa? In mutum yana zaune, zuciyarsa tana bugawa a hankali, jini kaɗan ke zuwa ga tsoka. In ya fara motsi, zuciya takan ƙara sauri, numfashi ya ƙaru, jini ya kai wa tsoka iska da abinci. Nan sai tsoka ta yi ɗumi, gaɓoɓi su saki. Tsoka mai sanyi kamar busasshiyar fata take: in aka ja ta da ƙarfi tana iya yagewa. Wanda ya faɗa wasa haka kawai, musamman da sanyin hunturu, ya fi saurin jin ciwo ko yin targaɗe. Targaɗe ɗaya yana iya raba ɗan kokowa da takobi, ya kuma hana yaro zuwa makaranta.

Yara, kafin gudu, ko ƙwallo, ko langa, ku ɗauki minti 10:

1. Ku fara da tafiya, sannan sassarfa.
2. Ku juya wuya, da kafaɗu, da ƙugu, da idon sawu.
3. Ku tsuguna ku miƙe sau 10.
4. Ku ƙara sauri kaɗan-kaɗan. Kada ku gaji tun ba a fara wasa ba.

Tambayoyi
1. A wane gari aka fara gasar takobi?
2. Me ke faruwa ga tsoka in ta yi ɗumi?

Aiki
Ku ɗora hannu a ƙirji, ku ƙirga bugun zuciya na minti ɗaya. Ku yi sassarfa minti 3, ku sake ƙirgawa. Ku rubuta bambancin.