Kafin ka cike wa ɗanka fom ɗin karatun lauya

Bara wani dattijo manomin albasa daga Goronyo ya same ni a ofishina a Sakkwato, riƙe da takardun ɗansa cikin leda. Bayan mun gaisa ya ce, "Barista, yaron ga shekara biyu ke nan da ƙare karatu, har yau ba a kira shi ba. Mi ya hana?" Na duba. Digirin na gaske ne, sakamakon ma ba laifi. Jami'ar da ya yi ce ta ɗebi ɗalibai fiye da adadin da aka yarje mata, sai layin shiga makarantar horar da lauyoyi ya taru, na baya suna jiran na gaba su wuce. Albasar shekara biyar ta tafi a kuɗin makaranta, ga yaro zaune a gida.

Abin da iyaye da yawa a Wurno da Rabah da Goronyo ba su sani ba ke nan: jami'a ba ta mayar da mutum lauya. Shekara biyar za ta koyar da shi, ta ba shi digiri. Daga nan sai Makarantar Horar da Lauyoyi ta Najeriya, wadda aka kafa a 1962, mai hedikwata a Bwari ta Abuja da rassa irin na Bagauda a Kano da na Yola. Sai ya ci jarrabawarta kafin a rantsar da shi ya sa baƙar riga. Majalisar da ke kula da ilimin lauyoyi kuwa ta ƙayyade wa kowace jami'a yawan ɗaliban da za ta ɗauka. Amincewar hukumar kula da jami'o'i ta NUC kaɗai ba ta isa ba, sai an haɗa da ta wannan majalisa. A Janairun 2025 hukumar JAMB ta dakatar da ɗaukar ɗaliban lauya a jami'o'i takwas bisa hukuncin majalisar. Don haka kada kyawun gini ya ruɗe ka. Tambayi gurbi nawa aka ba su, ɗalibi nawa ke aji ɗaya, kuma waɗanda suka gama bara suna ina yanzu.

Idan ɗan yankinmu ya nemi shawarata, Jami'ar Usmanu Danfodiyo nake fara ambata masa, ba don son gida ba. Jami'o'in tarayya suna raba gurabe ne kashi 45 bisa cancanta, 35 ga jihohin da ke kewaye da su, 20 ga jihohin da aka bari baya a boko. Ɗan Achida ko Gandi yana da ƙofa uku a Danfodiyo. Ga sauƙin aljihu, buhun shinkafa daga Wurno zai iske shi ranar da aka ɗora shi a mota. Kuma a can ana haɗa dokar zamani da shari'ar Musulunci a digiri ɗaya, kamar yadda ake yi a Jami'ar Bayero ta Kano. Ni dai mafi yawan ƙararrakin da ke zuwa mini daga ƙauyukanmu na gado ne da gona da aure. Lauyan da bai iya rabon gado ba, ina zai sa kansa? Jami'ar Ahmadu Bello, mai tsangayar lauya a Kongo ta Zariya, ita ma babba ce, sai dai masu rububinta sun fi yawa.

Jami'ar da kake so da gaske ita za ka sa a zaɓin farko, domin a karatun lauya da wuya a waiwayi wanda ya sa ta a zaɓi na biyu. Gurbin da bai fito a manhajar CAPS ta JAMB ba kuwa, ko wa ya yi maka alkawarinsa, ba gurbi ba ne.

Sai maganar adabin Turanci. A yawancin jami'o'i dole ne ɗalibi ya samu kiredit a cikinsa a WAEC ko NECO, ya kuma rubuta shi a JAMB. Na ga yaro mai maki mai kyau da ya rasa gurbi saboda makarantarsu ba ta da malamin darasin, babu kuma wanda ya gaya masa tun yana aji huɗu na sakandare.

Dattijon ya dawo da kaka, wannan karon da ƙanen yaron, wanda shi ma karatun lauya yake so. Kafin mu yi zancen kowace jami'a na ce ya miƙo sakamakonsa na NECO, na sa yatsa ina neman layin adabi.