A Ware Fili Tun Gari Bai Cika Ba

Da zarar kasuwar ƙauye ta fara ci, ko kwalta ta ratsa shi, filaye sai su yi tsada. Lokacin ne ya kamata dagaci ya tara masu unguwanni, limamai, manoma, makiyaya da mata masu sana'a, tun dillalai ba su fara yanka gonaki ba.

Ku fara da hanya. A bar faɗin da motar kaya da amalanke za su gifta, da magudanar ruwa a gefe. Ku zaga gari a watan Agusta ku ga inda ruwa ke kwanciya. Kada a yi gini a nan, komai arhar filin. Makaranta, asibiti, makabarta da filin idi a ware musu wuri mai yalwa. Burtali kuwa kada a taɓa shi, toshe shi ne mafarin rigima. Masai ya nisanci rijiya da mita 30.

Abin da aka yanke a rubuta, a kafa turaku, a kai takardar ga ƙaramar hukuma, domin a Najeriya ita ce Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba wa ikon bayar da shaidar mallakar filayen karkara. Dagaci da hakimi kowa ya riƙe kwafi.