Jadawalin GMAT Yana Rikita Ni

Tambaya: Daga Barnawa nake. Ina shirin rubuta GMAT don karatun MBA, amma da na ga jadawali sai kaina ya ɗaure.

Amsa: Ƙanena, kwantar da hankalinka. Sashen fassara bayanai tambaya 20 ce cikin minti 45, kuma an yarda da kalkuleta, don haka tunaninka ake aunawa. Fara karanta tambayar tukuna, sannan ka leƙa jadawalin.

Don ka saba da lissafin kashi, shiga kasuwar Kakuri da ɗan littafinka. A ce mudun shinkafa ya tashi daga naira 2,000 zuwa 2,500, ƙarin kashi 25 cikin ɗari ke nan. In ya koma 2,000, ragin kashi 20 ne kawai. Wallahi a nan masu ƙoƙari da yawa ke zamewa. Kullum bayan asuba ka warware tambaya biyar, agogo a gabanka.