Shin Shekaru Na Hana Mace Sauya Sana'a?

  

Darasinmu na wannan fitowar ya shafi wata tambaya da ke yawan tasowa idan an tashi daga karatu a Islamiyyar matan aure, musamman a nan wajejen Rido da Mararaba da Sabon Tasha. Mace ta kai shekara 40 ko 45, aikin da take yi ya mutu, ko maigida ya rasa nasa, ko sana'ar da ta saba ta daina riƙe ta. Shin za ta iya soma wani abu sabo? Amsar da aka fi ji ita ce, "Haba, ni da girmana? Ai icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi." To amma Bahaushen da ya yi wannan karin maganar shi ne dai ya ce gemu ba ya hana ilimi. Sai mu duba mu ga inda kowanne yake da gaskiya.

Mu da ke kudancin kogin Kaduna ba sai an ba mu labarin mutuwar aiki ba. A 1957 aka buɗe masaƙar KTL a Kakuri, zamanin Sardauna, daga baya Arewa da UNTL da Nortex da Finetex suka biyo, har Kaduna ta zama garin masaƙu. A 1980 kuma aka buɗe matatar mai da ke maƙwabtaka da mu, wadda aka tsara ta tace ganga 100,000 a rana. A wancan lokacin duk wanda ya samu aiki a ɗayan waɗannan wuraren gani yake ya gama neman abinci har tsufa. Sai rashin wutar lantarki da tsadar baƙin mai da atamfofin da ake fasa-ƙwaurinsu daga waje suka taru suka durƙusar da masaƙun. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta rufe a 2007, dubban magidanta suka dawo gida, da yawansu suka shekara da shekaru suna bin haƙƙinsu na sallama, wasu har suka rasu ba su karɓa ba. Matatar ma ta yi shekaru masu yawa ba ta aikin da aka gina ta dominsa, masu sayar da abinci da 'yan kwangila da ke rayuwa a gefenta suka ji a jikinsu. A 2017 kuma gwamnatin jiha ta sanar cewa malaman firamare 21,780 sun faɗi jarrabawar gwaji, aka sallame su, cikinsu har da iyaye mata da suka yi shekara 15 ko 20 suna riƙe da alli.

Abin lura a nan shi ne, wa ya riƙe waɗannan gidajen bayan an rufe ƙofar ma'aikata? Duk wadda ta zauna a Kakuri ko Nasarawa ko Makera a waɗancan shekarun ta sani. Matan da ba su taɓa auna hatsi ba suka koyi riƙe mudu, wasu suka kama suyar ƙosai, wasu suka sa kaji a bayan ɗaki. Babu wadda ta tsaya lissafin shekarunta, domin tukunya ba ta jira. Illa dai yawancinsu sun shiga ne a gigice, babu shiri, babu jari, shi ya sa wahalar ta yi yawa. Wannan shi ne abin da nake so mu gyara: mace ta yi tunanin sana'a ta biyu tun ta farkon tana numfashi.

Me addini ya ce game da shekara arba'in?

A cikin Suratul Ahƙaf, aya ta 15, Allah Ya ambaci shekara arba'in a matsayin lokacin da ɗan Adam yake kai cikar ƙarfinsa, Ya kuma koya masa addu'ar da zai yi wa kansa da iyayensa da zuriyarsa. A wannan shekarar aka aiko Manzon Allah (SAW). Uwar muminai Nana Khadija (RA), bisa riwayar da ta fi shahara, tana da shekara 40 lokacin da ya aure ta, kuma a lokacin attajira ce mai tura fatake Sham da dukiyarta. Ke nan abin da muke kira "an tsufa" shi ne Alƙur'ani ya kira cikar hankali.

Misalin da ya fi kama da halinmu shi ne na Abdurrahman bin Auf (RA). Ya yi hijira zuwa Madina ya haura shekara 40, ya bar dukiyarsa a Makka. Sa'ad bin Rabi'i (RA), wanda aka ƙulla musu 'yan uwantaka, ya ce zai raba dukiyarsa biyu ya ba shi rabi. Ya yi masa addu'a, ya ce a nuna masa hanyar kasuwa kawai. Da cuku da man shanu ya soma, babban ɗan kasuwar Makka guda. Ki dubi wannan da kyau, 'yar uwa, domin a nan ne da yawanmu muke faɗuwa: wadda ta taɓa zama malama ko ma'aikaciyar ofis sai ta ga ƙasƙanci ne a gan ta tana ƙulla man gyaɗa a leda.

A cikin mata kuwa, Nana Zainab bint Jahsh (RA) tana jima da ɗinkin fata da hannunta tana sadaka da abin da ta samu. Zainab matar Abdullahi bin Mas'ud (RA) ita ke taimakon mijinta da marayun da ke hannunta, aka kuma yi mata bushara da lada biyu, na zumunci da na sadaka. Akwai kuma hadisin Jabir (RA) a Sahihu Muslim, inda innarsa da aka saka ta so fita yankan dabinonta tana cikin idda, wani ya hana ta, Annabi (SAW) ya ba ta izini. Malamanmu na Malikiyya sun tafi a kan mai idda ko takaba za ta iya fita da rana don buƙatarta, ta dawo ta kwana a ɗakinta. Na kawo wannan ne saboda zawarawa da matan da aka mutu aka bari, waɗanda dangi kan ce su bar shagonsu ya mutu wata huɗu da kwana goma.

A nan gida ma, da Nana Asma'u 'yar Shehu ta kafa 'Yan Taru, dattawan mata ta zaɓa ta naɗa su jajis, ta ɗora musu malfa, suna jagorantar mata daga ƙauyuka zuwa wurinta su ɗauki karatu su koma su koyar. Girman nasu shi ne abin da ya sa aka amince musu su yi tafiya, aka kuma saurare su.

Inda shekaru ke hanawa da gaske

Kada mu yaudari kanmu, akwai ƙofofin da shekaru ke rufewa. Aikin ɗamara irin su 'yan sanda da kwastan da shige da fice duk suna da iyakar shekaru, bankuna kuma sun saba neman matasa 'yan ƙasa da 30. A aikin gwamnati ana yin ritaya a shekara 60 na haihuwa ko 35 na aiki, duk wanda ya riga zuwa, sai malaman makaranta da dokar 2022 ta ɗaga musu zuwa 65 ko 40 a inda aka soma aiki da ita. Saboda haka wadda ta shiga a 45, ko an ɗauke ta, shekarun tara fanshonta kaɗan ne. Kuma ina jan kunne a kan rantsuwar rage shekaru a kotu. An mayar da ita kamar ba komai ba, alhali rantsuwa ce a kan ƙarya, albashin da za a ci shekara da shekaru kuma a kanta aka gina shi.

Karatu kuwa ƙofarsa a buɗe take. NTI, wato Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa, hedkwatarta a nan Kaduna take a hanyar Zariya, tana ba da NCE ta karatun nesa. Buɗaɗɗiyar Jami'a, NOUN, tana da cibiya a Kaduna kuma ba ta korar mutum don ya manyanta. Wadda ta gama digiri bayan ta haura 30 ba ta zuwa bautar ƙasa, takardar ɗauke nauyi ake ba ta, ana kuma neman aiki da ita. Wadda ba ta yi boko ba ko kaɗan, ajin yaƙi da jahilci yana nan.

Jiki ma yana da nasa haƙƙin. Bayan shekara 40 ido kan soma gaza ganin abu na kusa, to mai son ɗinki ko saƙa ta fara zuwa a auna ta a ba ta tabarau, kada ta ce ɗinkin ne ya fi ƙarfinta. Mai hawan jini ko ciwon gwiwa kada ta zaɓi sana'ar tsayuwa a gaban wuta tun asuba don ta ga maƙwabciya tana samu.

A ganina, abin da ya fi shekaru kayar da mata shi ne yadda ake taɓa jari. Kuɗin sallama ko na gado ko kwasar adashi sukan zo wa mace a dunƙule sau ɗaya, kuma a ranar da suka zo ne ɗan'uwa zai tuna yana da mara lafiya, 'ya kuma ta tuna kayan ɗaki. Abin da ya rage sai a zuba shi gaba ɗaya cikin sana'ar da ba a sani ba. A ce kina da N300,000 kina son kiwon kaji. Idan kika zuba duka a 'yan tsaki da abincin mako biyu, a mako na huɗu lokacin da cinsu ya ƙaru ba ki da kuɗin buhu, dole ki sayar da su da asara. Gara ki soma da 30 ko 50, ki koyi lokutan rigakafi da yadda ake ɗumama su, ki san wa zai saya kafin su girma, ki ajiye fiye da rabin kuɗin ba ki taɓa ba. Yarinya 'yar 22 idan jarinta ya karye tana da lokacin sake tarawa, ke kuwa kina da 'ya'ya a sakandare. Nan ne kaɗai zan yarda cewa babba ta fi yarinya buƙatar taka-tsantsan.

Ga wadda ta yi aikin albashi tana cikin tsarin fansho na adashin gata, dokar fansho ta 2014 ta ba wanda ya rasa aiki bai kai shekara 50 ba damar cire kashi 25 cikin ɗari na abin da ke asusunsa idan ya yi wata huɗu bai samu wani aikin ba. Mata da yawa ba su san da wannan ba. Sai ki je kamfanin da ke riƙe da asusunki da takardar sallama ki tambaya. Amma ki tuna guzurin tsufanki ne kike gutsura.

Sai maganar koyo, wadda ita ce mai ɗaci. Wadda za ta koya miki ɗinkin zamani ko haɗa sabulu ko tallar kaya a WhatsApp, sau da yawa sa'ar 'yarki ce. Za ta ce miki "Mama, ba haka ake yi ba, warware." Idan ranki ya ɓaci a nan, to an gama, girman kai rawanin tsiya. Ki biya kuɗin koyo, ki zo a kan lokaci, ki yarda ki yi wata shida kina kuskure. Kuma kada ki raina abin da kika zo da shi. Tsohuwar malama ta iya riƙe yara da rubuta lissafi, darasin yamma ko renon yaran ma'aikata ya fi kusa da ita fiye da suyar awara. Wadda ta aurar da 'ya'ya uku ta san farashin kayan ɗaki a Kasuwar Barci da Kasuwar Sheikh Gumi fiye da kowace budurwa, mutane kuma sun fi sakin jiki su ba dattijuwa kuɗinsu ta yi musu sayayya. Mafi sauƙin sauyi shi ne wanda ke maƙwabtaka da abin da kika riga kika iya.

Game da maigida, ciyarwa dai a wuyansa take ko kina da miliyan, dukiyarki kuma taki ce. Amma fita sai da izininsa, kuma mutumin da ya rasa aiki zuciyarsa a kusa take, yana iya jin maganar sana'arki kamar gori. Ki zaɓi lokaci, ki zo masa da lissafi a takarda: ga abin da zan sa, ga lokacin fita da dawowa, ga wanda zai kula da yara. Idan ta kama, ki sa wani babba da yake jin nauyinsa.

Idan jarin bai isa ba, ki nisanci bashin ruwa, musamman na manhajojin waya da ke bin lambobin 'yan uwa suna tozarta mutum. Shari'a ta ba mu ƙiradi: wata ta kawo kuɗi, ke ki kawo aiki, ku yanka rabon riba tun farko, rabi da rabi ko ɗaya bisa uku, ba wani adadin kuɗi tsayayye duk wata ba. Idan aka yi asara ba da sakacinki ba, ta hau kan mai kuɗi, ke kuma kin yi asarar wahalarki. Ko da yayarki ce uwa ɗaya uba ɗaya, ku rubuta, ku sa shaidu, kamar yadda aya ta 282 ta Suratul Baƙara ta koyar a kan bashi. Ku rubuta har da ranar da za a zauna a yi lissafi, da wanda zai ajiye takardar.